Batir ya mutu, babu mai turi: zare kan na'urar tayar da mota

Duk wanda a gidansu mota ɗaya ce tal, musamman atomatik, kuma ita ake kallo idan wani abu ya taso cikin dare, ya samu wuri ya zauna. Zaren nan zai yi tsawo, na faɗa muku tun yanzu. 🧵

Maganar wata 'yar na'ura zan yi. Girmanta kamar fawa bankin da kuke yawo da shi, sai dai ta ɗan fi shi kauri, ga wayoyi biyu masu baki irin na kada, ɗaya ja ɗaya baƙi. A kasuwa jam-sitata suke ce mata. Umma kuwa 'yar agaji ta sa mata, sunan ya bi ta a gidanmu.

Ba talla nake yi ba, ba wanda ya biya ni, sunan kamfani ma ba zan kama ba. Ina aji uku a injiniyancin lantarki. Rabin abin da zan faɗa daga aji na samo shi, rabin kuma daga tsayuwa a gaban bonet ɗin tsohuwar Corollar Baba.

Kun lura batir ya fi saurin mutuwa a 'yan shekarun nan? Wasu sun ce jabu ne ya cika kasuwa. Akwai wannan. Amma akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba: tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, motoci da yawa suka koma 'yan zaman gida.

Motar da a da kullum tana kan titi, yanzu sai Juma'a ko ranar biki. Shi kuwa batir ba ya son zama. Ko an kashe mota, agogo, rediyo, ƙararrawar ɓarayi, na'urar bin sawu, duk suna tsotsa kaɗan-kaɗan. Shi kansa ma yana zubar da caji a hankali ko ba a haɗa shi da komai ba.

Ga kuma al'adarmu idan an ɗauke wuta: a murɗa makulli rabi, a jona wayoyin gida kaf a mota, har da fitilar caji, inji a kashe. Kar wanda ya ce bai taɓa yi ba 😅

Idan an tashi fita kuma, masallaci ne ko bakin titi, tafiyar minti biyar. Abin da kik ya zuƙa wajen tayarwa ma da kyar altaneta ta mayar kafin a sake kashewa. Batirin darma da asid idan ya daɗe a ƙasa da cikakken caji, wani gishiri-gishiri ne ke daskarewa a kan farantansa na ciki, daga nan ƙarfinsa ba ya dawowa yadda yake.

Sai zafinmu. Mutane suna ɗauka sanyi ne ke kashe batir saboda da asubar hunturu mota ta fi ƙin tashi. Zafin Maris da Afrilu ne ke cinye shi ta ciki, ruwansa ya ƙafe, farantan su zaizaye. Hunturu zuwa yake ya tona asirin kawai.

To ni ga yadda abin ya shigo gidanmu. Bara Yayata ta dawo gida goyon ciki, cikin fari. Baba ya yi kusan kwana goma bai taɓa motar ba, yana tattalin man da ke ciki saboda ranar da za a buƙace ta. Tankin na nan da mansa, wannan kam ya tanada.

Wajen ƙarfe biyu na dare Umma ta buga mini ƙofa. Naƙuda. Muka fito da Yaya tana dafe da bango, muka kwantar da ita a kujerar baya, jaka na hannuna. Baba ya murɗa makulli.

Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas.

Fitilun gaban direba suka yi ja-ja suka dushe. Ya sake murɗawa, ƙarar ma ta ragu. Ban taɓa jin shiru irin na wannan lokacin ba, in ban da numfashin Yaya.

Da manuwal ce, da ni da ƙannena biyu mun tura, Baba ya sa giya ta biyu ya saki kuloci, shike nan. Atomatik ba ta san wannan ba. Ku tura ta daga nan har Zariya, ba za ta tashi ba.

Baba ya fita buga ƙofar maƙwabta. Ku da kanku kun san a zamanin nan ba mai buɗe get da ƙarfe biyun dare don an ƙwanƙwasa, kuma ban ga laifin kowa ba. Sai da ya kira a waya sau uku kafin wani bawan Allah ya ɗauka. Ya fito, ya ce a ciro batirinsa. Sifana lamba 10 kuma ta ce ku neme ni.

Fiye da rabin awa muka yi a tsakar gida, Umma tana riƙe da hannun Yaya tana ta addu'a, Baba yana haska fitilar waya hannunsa na rawa. A ƙarshe maƙwabcin ya ce a bar wahalar nan, a shiga tasa. Shi ya kai su. Allah Ya sauke ta lafiya bayan asuba, mace, yanzu har ta fara tafiya.

Amma fuskar Baba a daren ta tsaya mini. Mutum ya yi duk lissafinsa, ya hana kansa fita don ya ajiye mai, sai abin da bai kai kuɗin cika tanki ba ya tsayar da shi.

Na yi wata uku ina cire wani abu daga kuɗin makarantata, na haɗa da na kitson da nake yi wa 'yan hostel, na sayo ta. Da na kawo, Baba ya juya ta a hannu ya ce, "Ke yanzu wannan abar wasan yaran ce za ta tayar da mota? Batirin da sai na sa hannu biyu nake ɗaga shi?"

Tambayarsa tana kan hanya, kuma na san da yawanku ita ce a ranku. Bari mu yi lissafi kaɗan, ba zan wahalar da ku ba.

Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne, a ce mai 60Ah. Idan ka ninka, kusan wat-awa 720 ke nan a cikinsa. Na'urar da aka rubuta wa 20,000mAh, a kan bolt 3.7 na ƙwayoyin cikinta ake wannan lissafin, wato wat-awa 74. Kusan kashi ɗaya cikin goma. Baba ya yi gaskiya, ƙarama ce.

Sai dai tayar da inji ba ya cin wuta mai yawa, wuta mai ƙarfi yake so a lokaci guda. A ce kik ya ja amfiya 200 a bolt 12 na daƙiƙa uku. Wat-awa 2 ke nan kacal. Biyu fa. Cajin wayarka sau ɗaya ya ninka wannan sau da yawa.

Abin da ya bambanta ta da fawa bankin waya shi ne ƙwayoyin litiyam ɗin cikinta irin waɗanda ke iya amayar da wuta mai yawa cikin ƙiftawar ido ne. Kamar bokiti ne da buta: ko ruwansu ɗaya, wanda ka kifar ya fi saurin kashe wuta. Don haka kar wani ya yanke wayar caja ya jona fawa bankinsa a batir, ba abin da zai samu sai asara.

Wannan kuma yana nufin ba cajin batir take yi ba. Tana ba kik abin da zai juya inji ne kawai. Da zarar inji ya kama, aikinta ya ƙare, saura na altaneta.

Wani abin da ke ba ni dariya: batirin darma da asid tun 1859 wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro shi. Kik na lantarki kuma a Cadillac ta 1912 ya fara yaɗuwa, aikin Charles Kettering, kafin nan da hannu ake wana inji har yakan karya wa mutane hannu. Batirin litiyam-ayon sai 1991 Sony ta fito da shi kasuwa. Jika ne ke ɗaga kakansa idan ya faɗi.

To yadda ake yi. Kafin ka ciro ta ma, saurari motar.

Idan ƙas-ƙas-ƙas take yi da sauri, fitilu suna dushewa, hon ya shaƙe, batir ne ko kuma kansa ya saki. Kama kan batirin ka girgiza. Idan yana motsi, ko ka ga farin gari ko kore-kore ya taru, wataƙila gogewa da ɗaurewa kawai yake so. Sau da yawa batirin lafiyarsa ƙalau.

Idan ƙas ɗaya ta yi mai nauyi, fitilu kuma tar suke, fi zargin kik. Idan kuwa inji yana juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa, batir ba ruwansa. Nemi mai, famfon mai, fulogi ko fiyus. Ko jam-sitata goma ka jona ba za ta tashi ba.

Sannan dubi batirin da idonka. Ya kumbura? Ya tsage? Yana yoyo? Yana warin ruɓaɓɓen ƙwai? Rufe bonet, kar ka jona komai. Batir yana fitar da iskar haidirojin, tartsatsi ɗaya ya ishe ta, abin da zai fantsamo maka a fuska kuma asid ne. Sigari ma a kashe.

Idan duk wannan lafiya: cire makulli, kashe fitilu da rediyo da na'urar sanyi, giya a P, ja birkin hannu. Jan baki a kan da aka rubuta +. Kar ka bi launin waya kawai, motocinmu sun sha hannun rewaya, na taɓa ganin wadda duka wayoyin baƙaƙe ne. Haska ka ga alamar da idonka.

Baƙin baki kuma a kan − ko a wani tsiraran ƙarfe na jikin inji da ba fenti, nesa kaɗan da batir. Ni na fi son ƙarfen inji, don in ma tartsatsi zai tashi, ya tashi nesa da iskar can. Wasu motocin na zamani ma littafinsu ya nuna ainihin inda za a maƙala.

Ka tabbata bakin ya ciji ƙarfe sosai, ba datti ya kama ba. Ajiye na'urar inda ba za ta zame ta faɗa kan fanka ko fambel ba. 'Yan uwana mata, a naɗe gefen hijabi ko mayafi, a cire awarwaro da zobe. Da gaske nake, ƙarfe idan ya haɗa kawunan batir biyu narkewa yake.

Kunna ta, jira koren haske. Idan ta yi ƙara ko ta nuna ja, yawanci ka juya wayoyin ne, gyara. Sai ka murɗa makulli, daƙiƙa uku zuwa biyar, kar ka wuce. Ba ta tashi ba? Saki, ba ta minti ɗaya ko biyu ta huce. Sau uku ko huɗu ba labari, haƙura, matsalar ta wuce batir.

Ta tashi? Kashe na'urar, cire baƙi, sannan ja. Kar ka bar ta a jone kana hira.

Akwai wani maɓalli a jikin wasu, na tilas. Idan batir ya mutu murus har na'urar ba ta gane akwai shi ba, shi ake dannawa. Amma ku sani, da ka danna shi ka cire duk kariyar da ke hana ɓarna idan an juya waya. Duba + da − sau biyu kafin yatsanka ya kai wurin.

Yanzu bari in taɓo abin da ya haɗa ni musu da makaniken Baba, mutumin kirki ne, tun ina firamare yake duba mana mota.

Kun san yadda aka saba: a aro batir, a tayar da shi, sannan a cire shi inji na aiki, a mayar da mataccen. Ko a cire kan batir mota na kunne wai don a gwada altaneta, in ta mutu to altaneta ce. Na ce masa, "Kawu, wannan fa yana iya ƙona ƙwaƙwalwar mota." Ya ce, "'Yata, tun ba a haife ki ba nake yin haka."

Kuma gaskiya ya faɗa, a kan Fijo 504 da ire-irenta ya koyi aiki, motocin da ba su da kwamfuta a ciki. Amma batir ba rumbun wuta ba ne kawai, shi ke shanye hauhawar wutar da altaneta ke fitarwa. Ka zare shi inji na gudu, wutar na iya yin tsalle ta wuce bolt 12 nesa ba kusa ba, ta bi ta kan kwamfutar inji, rediyo, da ita kanta altanetar.

Sau tara za ka iya yi ka tsira. Na goman kuɗin gyaransa ya sayi batir da yawa. A wurina wannan ne babban amfanin 'yar agaji: ba a kwance komai, ba neman sifana, ba roƙon batirin wani.

Gwajin altaneta kuma mita ake sawa, irin 'yar ƙaramar da masu gyaran rediyo ke riƙewa. Mota a kashe ta huta, lafiyayyen batir yana nuna wajen 12.6. Ka ga 12.2, ya kai rabi. Inji na aiki ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4 ko kusa da haka. In ya tsaya a 12 da 'yan kai, ba ta caji. Kawu har yanzu bai ce na yi gaskiya ba, amma ranar nan na ga mita a aljihun rigarsa 😌

Bayan ta tashi kar ka ce an gama. Yi tafiya ta kamar rabin awa ba tare da kashewa ba. Ko hakan ma ba ya cika batirin da ya faɗi ƙasa sosai, gara a kai shi wurin mai caji ya kwana. Idan hoton batir ya ƙi ɓacewa a gaban direba, kar ka kama doguwar hanya, motar abin da ya rage a batir take ci, za ta mutu maka a tsakiyar daji.

Inda nake da saɓani da masu yabon na'urar nan ke nan. Tana sa lalaci. Na san wani a makarantarmu da kullum da safe sai ya buɗe bonet ya jona, wata biyu ke nan. Batirinsa ya gama, ya ƙi yarda. Yana wahalar da altaneta, yana cinye ran na'urar, kuma ranar da zai buƙace ta da gaske zai same ta a sauke.

Wajen saye, kar manyan lambobin jikin kwali su ruɗe ka. Za ka ga an rubuta amfiya dubu kaza. Wannan ƙololuwar da take kaiwa ce na ɗan abin da bai kai daƙiƙa ba, kuma kowane kamfani da yadda yake aunawa. Nemi inda aka rubuta girman injin da take ɗauka, lita nawa na fetur, lita nawa na dizal. Dizal ya fi cin ƙarfi.

Ɗaga ta ka ji nauyi. Wadda aka rubuta wa lamba mai ban tsoro amma tana da sauƙi kamar fankon ashana, ajiye musu kayansu. Dubi kaurin wayoyin, matsa bakin ka ji ƙarfinsa, ka tabbata akwai ɗan akwatin kariya a jikin wayar. In mai shago ya yarda a gwada a mota a gabanka, ya fi.

Sai wurin ajiya, nan ne mutanenmu ke kuskure. Litiyam da zafi ba sa shiri. Motar da aka rufe a rana a Kano ko Sakkwato cikin Afrilu, cikinta na iya haura digiri 60. Ka bar ta a kan dashbod, ko dai ta lalace ko ta kumbura, in abin ya zo da tsautsayi ta kama wuta. Ta kumbura ko kaɗan, an gama da ita, kar a sake caji.

Tamu a ɗakin Umma take kwana, a kan shiryayye kusa da makullin mota. Mai fita ya ɗauka, in ya dawo ya shigo da ita. Duk wata biyu zuwa uku ina duba cajinta. Dokar gidan guda ɗaya ce, kuma Baba ne da kansa ya kafa ta: ko kwana uku aka yi ba wuta, ba mai jona waya a jikinta. Ƙanina ya gwada sau ɗaya, bai sake ba.

Eh, Baban da ya kira ta abar wasan yara. Ranar da ta fara tayar masa da mota a ƙofar masallaci bai ce mini komai ba. Da daddare na ji yana waya da amininsa yana cewa, "Ai 'yar wajena injiniya ce ta kawo mana wata aba."

Na koya wa Umma ma. Da farko ta ce ita tsoron wuta take. Na ce ta riƙe kan batir ɗin da hannu ta ji, bolt 12 ba ya jan mutum, haɗa kawunan da ƙarfe ne haɗarin. Yanzu in ta je unguwa motar ta yi gardama, ba ta tsayawa bakin titi tana jiran wanda zai taimaka. Ta ce abin da ya fi ba ta haushi shi ne mazan da ke taruwa suna ba ta umarni bayan ta riga ta jona.

Na ga tambayoyi sun fara shigowa, bari in amsa uku in gudu.

Babur da Keke: in batirinsu bolt 12 ne tana yi, sai dai kawunan ƙanana ne, a kula bakunan biyu kar su taɓa juna. Babur mai kik na ƙafa ma ba ya buƙatarta.

Manyan motoci irin tirela da tifa yawanci bolt 24 ne. Ta bolt 12 ba za ta yi musu ba, akwai tasu daban.

Mai Prius da ya tambaya: eh, ita ma tana da ƙaramin batir na bolt 12, kuma in ya mutu ba za ta kunnu ba ko da babban a cike yake. A wasu samfuranta akwai wurin jonawa a akwatin fiyus na ƙarƙashin bonet, duba littafin motarka. Wayoyin nan masu ruwan lemo kuwa na babban batir ne, ko da wasa kar ka kai hannu.

Sauran sai gobe in Allah Ya kai mu, ƙarfe takwas ina da tes kuma ko shafi ɗaya ban buɗe ba.